Abin da Auwalu Ya Haɗiye

Auduga ce ta ƙare, da shuɗin maganin nan na gyambon baki da masu kemis ke kira jibi. Su suka fitar da Sufyanu daga gida bayan la'asar. Ya ari babur ɗin maƙwabci ya nufi Anka.

Bai daɗe da dawowa ƙauyensu ba. Shekaru ya kwashe a Fatakwal, a wani gidan jinyar tsofaffi, yana wanke bakin waɗanda hannunsu ya daina kaiwa baki, yana juya su a gado, yana kwashe musu fo. Ya zo ne ya gaida Inna ya wuce, ko jakarsa bai gama kwancewa ba. Sai ya tarar da wansa Auwalu, wanda ya bari ƙato mai saɓa buhun dutse a kafaɗa ɗaya, yashe a ɗaki kamar tsumma.

Auwalu haƙar zinare yake yi. Tun ranar da ya fito daga wani sabon rami cikinsa ya ɗaure. Ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Cikin ya kumbura ya yi tauri, in an ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Amma na bakin ya fi muni. Wani farin abu mai kama da ɓawon kindirmo ya lulluɓe harshen, dasashi ya yi baƙin layi a gindin haƙora, cikin kumatu duk ya saɓule. Warin kuwa, sai Inna ta tura kaskon turare gaba kafin ta iya shiga, kuma duk da haka da hannu a hanci take fitowa.

Sufyanu ya karɓi aikin. Safe da yamma zai sa safar hannu, ya naɗa auduga a tsinke, ya goge bakin da ruwan ɗumi da gishiri, ya ɗiga maganin nistatin a kan farin, ya bi gyambunan da jibi har leɓen Auwalu ya rine. In ƙwannafi ya taso, ya ɗura masa cokalin farin maganin olsa mai kama da kunun alli. Kullum sai ya goge, kullum abin ya dawo ya fi na jiya kauri.

"Yaya, wanga ciwo ba na gida ba na. Mu tahi asibiti a yi maka hoton ciki."

"Ba a yi man hoto," in ji Auwalu, ya juya fuska ga bango.

Sai kuma Ɗanmusa, abokin ramin Auwalu, wani baƙo daga wajen Katsina, wanda ya tare musu a zaure kamar shi ya gina shi. Ya sayo kwalbar laktulos, maganin wankin ciki, ya dangwarar a bakin taga.

"Likitan Fatakwal, wai tsoron kwalba kake ji ne? Ɗura masa ya zazzage mana."

"Cikin da yat toshe yay yi tauri haka ba a ba shi na wanki. Hanji na iya hwashewa."

"To, Allah Ya ba da lafiya," Ɗanmusa ya ce, idonsa a kan cikin Auwalu, ba a kan fuskarsa ba.

Ranar da ya fita sayen maganin, mai kemis ya ɓata wa Sufyanu lokaci wajen neman auduga. Kafin ya baro Anka rana ta yi ja. Ba wanda ke son magariba ta same shi a babbar hanya saboda mutanen daji, don haka Sufyanu ya yanke ta tsofaffin ramuka, inda aka gama haƙa aka watse. Hanyar ƙafa ce siririya, rami dama, rami hagu, tarin jar ƙasa a tsakani. Ba tsuntsu. Ba akuya. Sai ƙarar babur da ledar magani tana dukan kan mashin.

A inda hanyar ta fi matsewa ya ga tsohuwa zaune a kan tarin ƙasa, ƙafafunta miƙe sun tare wajen wucewa. Ta rufe bakinta da gefen mayafi. Tun kafin ya kashe babur ya ji sautin da ya sani: zuƙar miyau a hankali, irin ta wanda haɗiya ke yi masa zafi.

"Sannu, Kaka. A ɗan janye man ƙahwa."

"Angona," ta ce daga bayan mayafin, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka wuce amaryarka ba ko duba? An ce kai na mai maganin baki."

Ya dubi yamma. Saura kaɗan jan ya mutu. Amma hannunsa ya riga ya saba, tsoho bai taɓa cewa bakinsa na ciwo ya wuce ba. Ya kafe babur, ya zaro safar hannu, ya kunna fitilar waya ya durƙusa.

"Bismillahi."

"Yi abinka. Mu ma muna yi."

Bai tsaya ya auna maganar ba. Ta sauke mayafin ta buɗe baki.

Iska ce ta fara fitowa, mai sanyi, irin wadda ke tasowa daga rijiya. Sai warin. Ruɓaɓɓen nama, tsohuwar laka, hayaƙin janareta, da fitsarin maza da ya kwana a wuri ɗaya. Sufyanu ya wanke bakin masu ciwon daji a harshe, ya wanke na waɗanda suka yi wata ba a taɓa su ba. Bai taɓa jin wari irin wannan ba. Ya riƙe numfashi, ya haska.

Hasken ya shiga bai tarar da maƙogwaro ba.

Haƙoran ba ƙashi ba ne. Farin dutse ne, da jijiyoyi rawaya suna gudu a ciki. Kowanne da ɓalli, kowanne da sawun kurfi da guduma. Dasashin duk sara ne, yana tsattsafar da jan ruwa. Akwai wani abu maƙale tsakanin haƙora biyu, kamar zaren nama. Ya sa tsinke ya zaro.

Igiyar silifas ce.

Can ciki, nesa ƙwarai, ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis. Bayan shi kuma wani sauti, ƙanƙani, kamar ana sara dutse a wani gari.

"Can ƙurya," ta raɗa, bakinta bai motsa ba. "Hagu."

Ya karkata fitilar. Giɓi ne, babba, baƙi. Gefensa ya kumbura ya fashe, ruwan mugunya mai kauri yana kwarara, fararen tsutsotsi suna iyo a ciki.

Gudu ya kamata ya yi. Bai yi ba. Hannunsa kawai ya ci gaba da abin da ya iya: ya tsoma auduga a jibi, ya miƙa, ya goge. Audugar ta fito da nauyi, tana motsi. Ya yar, ya naɗa wata. Ya yar, ya naɗa wata. Sai da kwalbar ta kusa ƙarewa.

Ta rufe bakin, ta ja numfashi.

"Hannunka da sanyi, angona. Su kullum ƙwanƙwasa suke, ɓalli-ɓalli suke ɗiba, ban ce komi ba. Amma wanka Auwalu haƙori ɗungurungum yac cire man, har saiwa. Kuma yah haɗe."

"Kaka..."

"Shina can cikinai, shina neman wurin kamawa. In yak kama, ba ka da wa. Gobe in rana ta hwaɗi ka maido man abina, ka sa da hannunka. In ba haka ba ni zo in ɗauka, da tukunyar da anka aje shi ciki."

Ta janye ƙafafunta. Bai san yadda ya tayar da babur ba.

Yana isa gida ya wuce Ɗanmusa a zaure, ya shiga ɗakin ya turo ƙofa.

"Yaya, mi kah haɗiye?"

Auwalu ya kau da ido. Da ya yi magana, kalmomin da yauƙi suka fito. Masu rami suna caje kowa in ya fito, aljihu, hula, ɗan kamfai, har tsakanin yatsun ƙafa. Don haka wanda ya ci karo da ɗan dunƙulen zinare sai ya jefa a baki ya kora da ruwa. Washegari ya shiga daji da kwano, ya tsuguna, ya wanke abinsa. Kowa na yi. Shi ma ya sha yi.

"Wanga ya ɗan hi girma. Kuma da niz zare shi daga bango, Sufyanu, wurin jini yay yi. Ɗanmusa ya gani."

"Shi yas sa ba ka son hoto."

"In likita yag gani, gari ya gani."

Sufyanu ya ɗora tafin hannu a kan cikin. Ƙasa da cibiya, hagu, akwai ƙullutu. Yana taɓawa ƙullutun ya matsa, ya ƙara nutsewa.

Ya ɗauko kwalbar daga bakin taga. Ya san abin da aka koya masa, ya san abin da ke iya faruwa da hanji. Ya kuma san abin da ya gani a bakin tsohuwar. Ya tsiyaya maganin, mai kauri da zaƙi kamar zuma, a cokali, ya ɗaga kan wansa.

"In yak kashe ni hwa?"

"In ban ba ka ba ma, ba a barin ka."

Cikin ya kwana yana kuka kamar ana jan turmi a ƙasa. Da safe ya ƙara masa. Da azahar ya ƙara. Inna ta zauna a ƙofar ɗaki da carbi, ta ƙi cin komai. Ɗanmusa kuwa ya wayi gari da fara'a. Ya kawo kwanon wankin ƙasa, da rariya, da bokitin ruwa, ya jera a bayan ɗaki kamar mai shirin biki.

Sai bayan la'asar abin ya ɓalle.

Auwalu ya yi wata ƙara da ta sa Inna sakin carbi. Abin da ya fito ba irin na mutane ba ne. Baƙi ne, da kauri kamar kwalta, da jini, da jar laka, da tsakuwa. Ya cika fo, ya cika tasa. Ƙudaje suka taso daga ko'ina, suka sauka, suka tashi suka bar shi.

Sufyanu ya fito da tasar bayan ɗaki. Ɗanmusa ya naɗe hanci da rawani.

"Kai ka saba da ƙazanta, likita, kai za ka tace. Amma cire riga. Ba don ban yarda da kai ba, haka aikin yake."

Ya cire. Ya durƙusa, ya juye a rariya, ya sa hannu. Ɗumin ya ratsa safar. Yana murzawa, Ɗanmusa na zuba ruwa, idonsa kamar na kaza a kan tsaba. Tsakuwa. Gudan jini. Tsakuwa. Wani abu kamar gashi.

Sai yatsunsa suka taɓa shi a ƙarƙashin baƙin. Girman ƙwallon dabino, da ƙafafu uku a gindi. Ɗaya ƙafar ta naɗe masa ɗan yatsa.

Bai ɗago ba. Ba riga, ba aljihu, kuma Ɗanmusa ya fi shi ƙarfi, da wuƙa a ƙugu. Inuwar katanga ta riga ta haye rabin fili.

Ya kwaɓa ƙasan rariyar da gangan. Wani sabon wari ya tashi, mai kauri har ana iya tauna shi. Ɗanmusa ya yi baya, ya fizge rawanin, ya juya yana kelaya amai a gindin katanga.

Sufyanu ya tsoma abin a bokiti sau ɗaya. Sau ɗaya kawai ya samu.

Ya jefa a baki.

Ɗaci. Gishiri. Zaƙin maganin da ya ɗura wa wansa da hannunsa. Da wani ɗanɗano da ba shi da suna, wanda ya san daga inda ya fito. Ya datse haƙora.

Ɗanmusa ya dawo yana share baki. "Ka samu?"

Sufyanu ya girgiza kai.

"Buɗe hannu. Ɗaga ƙafa." Ya duba safar, ya duba ƙugun wando, ya duba tsakanin yatsu. Ya dubi bakin Sufyanu, ya dubi abin da ke cikin rariya, ya yamutsa fuska. Ko shi tunaninsa bai kai can ba. "Matsa, ragon banza. Ni zan wanke."

Sufyanu ya dafe baki kamar mai jin amai, ya bi ta zaure da gudu. Ya figi ledar magani, ya hau babur ba riga.

Miyau ya cika masa baki. Ba halin haɗiyewa, don abin yana zamewa baya duk sanda babur ya faɗa gargada. Ya tura shi kunci da harshe, ya bar miyan yana dalala ta haɓa har ƙirji. Da ya fita gari ya tsaya zai tofar a hannu.

Abin ya ƙi fita.

Ƙafafun sun sami gindin turmin haƙorinsa na hagu. Yana jin su suna shiga, a hankali, kamar ana murza ƙusa.

Ya ja babur.

Tana nan inda ya bar ta. Rana ta taɓa ƙasa.

"Angona ya zo ba riga. Ina kayan?"

Ya nuna bakinsa. Kafaɗunta suka girgiza, dariya take yi.

"Halinku ɗaya. Maza, kahin shi zauna."

Ya canza safar hannu. Ya sa yatsu biyu ya kama. Ya ja, kansa ya yi walƙiya. Ya sake ja. Wani abu ya yi ƙas a cikin muƙamuƙinsa, jini ya cika masa baki, abin ya fito riƙe da haƙorinsa kamar kaska a kunnen kare. Ya ɓamɓare nasa ya yar.

Ta buɗe baki.

Giɓin ya yi nisa fiye da jiya. Ya miƙa hannu har wuyan hannu, bai kai ba. Har gwiwa. Sanyi da yauƙi suka rufe masa fata. Har kafaɗa. Kuncinsa ya manne da leɓenta, numfashinta na shiga masa hanci.

Yatsunsa suka nutse a mugunya. Tsutsotsi suka hau safar.

Ya lalubi ramin. Ya juya haƙorin. Ya danna.

Haƙorin ya zauna.

Can ciki saran dutsen ya tsaya. Ɗigar ruwan ma ta tsaya.

Sai wani gurnani ya taso daga ƙasa, ya biyo ta gwiwoyinsa. Ƙasa ta fara zubo masa a hannu. Ya ji muryoyin maza, da yawa, nesa, suna kiran a jefo igiya.

Haƙoran sama suna saukowa.

Ya ja. Wani abu ya riƙe yatsun safar.

Ya dafa goshinta da ɗaya hannun, goshin dutse ne, ya fizga da dukan ƙarfinsa. Hannun ya zame daga cikin safar, dutse ya kankare masa fata daga gwiwa zuwa yatsu, ya faɗi da baya. Bakin ya rufe da ƙarar da ta tashi ƙura a ramukan da ke kewaye.

Bai waiwaya ba. Da ƙafa ya isa gida.

Da safe maƙwabcin ya je ɗauko babur ɗinsa. Ya ce ya same shi a kafe, amma ramukan wajen duk sun rufe, ƙasa ta haɗe sumul kamar ba a taɓa sa mata diga ba. Ɗanmusa ya wanke tasar nan har ya gaji, ya zagi gidan kaf, ya tattara ya nufi wajen Bukkuyum.

Auwalu ya tashi. Cikin ya saɓe, farin harshen ya bi auduga bai dawo ba, gyambunan suka kame. Ranar da ya shanye kwanon fura ya nemi ƙari, Inna ta yi kuka ta yi sadakar waina. Sufyanu ne bai koma daidai ba. Ramin haƙorinsa ya ƙi rufewa, kuma komai ya sa a baki, tuwo ne ko shayi, ɗanɗanon ranar nan yake ji a ƙarƙashi. Ya rame. Ya daina cin abinci a gaban mutane. Ya gaya wa wansa duk abin da ya gani, bai rage ko tsutsa ɗaya ba, Auwalu ya rantse ya bar rami har abada.

Da kaka ta wuce aka buɗe sabon wuri a gabas da gari. Auwalu ya ce ɗaukar buhu kawai zai riƙa yi a sama, ba zai sauka ba.

Wata magariba Sufyanu na alwala a tsakar gida, Auwalu ya shigo, jar laka har gira. Inna ta ɗago daga bakin murhu.

"Sannu da aiki, Auwalu. An dawo lahiya?"

Auwalu ya gyaɗa kai. Ya wuce wajen randa, leɓensa a datse, ya ɗebi ruwa a moɗa ya juya musu baya.

Sufyanu ya saki buta ya miƙe. Kafin ya kai gare shi, ya ga maƙogwaron ya hau, ya tsaya, ya sauka da ƙyar.